Me Ya Sa 'Yan Takarar Amurka Ke Tarewa a Jihohi Bakwai Kawai?

Tambaya: Malam, a zaɓen Amurka na 2024 na lura kullum Donald Trump da Kamala Harris suna Pensilbaniya ko Mishigan, amma da wuya ka ji sun yi gangamin neman ƙuri'a a Kalifoniya, alhali ta fi kowace jiha yawan jama'a. Wace irin dabara ce wannan? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Sirrin yana cikin yadda ake ƙirga nasara. A Amurka, yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ba shi ke naɗa shugaba ba. Akwai wakilan masu zaɓe 538 da aka raba wa jihohi da babban birnin ƙasar, wanda ya haɗa 270 shi ya ci. Ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi zai kwashe wakilanta kaf.

Kalifoniya na da wakilai 54, amma tun 1992 jam'iyyar Dimokurat, wato jam'iyyar Harris, take yi. Ɗan Rifablikan, jam'iyyar Trump, ya san ko ya kwana can ba zai samu komai ba, ɗan Dimokurat kuwa ya riga ya sa ta a aljihu. Sai kowa ya tattara kuɗinsa da lokacinsa ya nufi jihohin da ba su da alƙibla ɗaya. A 2024 guda bakwai ne: Pensilbaniya mai wakilai 19, Jojiya da Karolina ta Arewa 16 kowacce, Mishigan 15, Arizona 11, Wiskonsin 10, sai Nebada 6. Jimilla 93.

Mutane kan ɗauka aikin shi ne shawo kan waɗanda ba su yanke shawara ba. A ganina wannan rabin aikin ne. Babban aikin shi ne fito da naka mutanen ranar zaɓe: yi musu rajista, bi gida-gida, buga waya, tuna musu da damar kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe. Haka 'yan Dimokurat suka yi shekaru suna yi a Jojiya, inda 'yar siyasar jihar Stacey Abrams ta yi fice wajen rajistar masu zaɓe, har Joe Biden ya ci jihar a 2020 da ratar ƙuri'u 11,779 kacal.

Sannan kowace jiha da abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. A birnin Las Vegas na jihar Nebada, inda dubban ma'aikatan otal ke dogaro da tukuicin baƙi, Trump ya yi alkawarin cire wa tukuici haraji. A Pensilbaniya, Harris ta janye daga tsohon matsayinta na haramta wata hanyar haƙar iskar gas da jihar ke cin abinci da ita.

Sakaci kuma tsadarsa ba kaɗan ba ce. A 2016 'yar takarar Dimokurat Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'u kusan miliyan uku a faɗin ƙasa, amma ba ta taka Wiskonsin ba bayan an tsayar da ita takara, don tana ganin gida ce. Ta rasa Wiskonsin da Mishigan da Pensilbaniya da ratar da ba ta kai 80,000 ba idan aka haɗa ukun.

Harris ma ta sha irin nata a Mishigan. Larabawa da Musulmin garin Dearborn da ke jihar sun fusata kan yaƙin Gaza, kuma tun a zaɓen fidda gwani na Fabrairu sama da mutum 100,000 a jihar suka ƙi zaɓar Biden, wanda shi ne ke takara kafin ya janye wa mataimakiyarsa Harris, suka jefa ƙuri'ar "ba mu da gwani". A Nuwamba Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, garin da Biden ya ci a sauƙaƙe shekara huɗu kafin nan. Jihohin bakwai duka Trump ya kwashe, ya tashi da wakilai 312, Harris 226.