Mahaifina na fama da ciwon ƙoda, in saya masa ƙwayar seleniyam?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 71, ga hawan jini ga suga. Watan jiya gwaji ya nuna ƙodarsa ta yi rauni, eGFR ɗinsa, wato ma'aunin yadda ƙoda ke tace jini, 38. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da magungunan ƙarin lafiya ta turo mini bidiyo, wai bincike ya gano ƙarancin seleniyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, ke kashe ƙodar tsofaffi, kuma kwalba uku cikin nata za su wanke masa ita tas. Wallahi ko barci ba na iyawa, tsorona kada a kai ga hawa injin wankin ƙoda. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki saya. Kuma ki kwantar da hankalinki, 38 mataki na uku ne, tsofaffi da yawa kan yi shekaru a nan ba su ga inji ba, muddin an riƙe jini da suga.

Bidiyon nan akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa, shi ya sa yake cin kasuwa. Idan aka auna jinin masu ciwon ƙoda akan tarar seleniyam ya yi ƙasa. To amma wa ya riga wani? Ƙoda ce ke ƙera mafi yawan wani sinadarin kariya mai ɗauke da seleniyam da ke yawo cikin jini. In ta gaza, dole ya ragu. Ga furotin na zuba ta fitsari, ga mara lafiya abinci ya fita ransa, a gida kuma an hana shi nama da ƙwai. Sau da yawa ciwon ne ya jawo ƙarancin. Shi ya sa jagorar abincin masu ciwon ƙoda da Gidauniyar Ƙoda ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce kada a mayar da ba su ƙwayar seleniyam al'ada, don hujjar amfaninsa ba ta taka kara ta karya ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar "ai ba magani ba ne, abinci ne, ba ya illa". Kusan kullum sai na ji ta. Babban mutum maikurogiram 55 na seleniyam kawai yake buƙata a rana (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Ƙwayoyin da ake tallatawa da yawa 200 ne a guda, mai talla kuma ta ce a sha safe da yamma. Iyakar da Amurka ta sa 400 ce, Turai ma ta tsayar da tata a 255 a 2023, kuma wannan lissafin masu lafiya ne. Ta ina rarar ke fita? Ta fitsari. Wato ƙodar da ke ɗingishi ita za a ƙara wa kaya. In ya taru, gashi ya riƙa zuba, farce ya riƙa karyewa, baki na warin tafarnuwa alhali mutum bai ci ba. A 2008 mutum kusan 200 suka kamu da rashin lafiya a Amurka saboda wani ruwan ƙarin lafiya da seleniyam ɗin cikinsa ya ninka abin da aka rubuta a kwalba wajen sau 200. A can ke nan, inda ake sa ido. Ina ga kwalbar da ta zo ta WhatsApp? Sannan a wani gwaji a Amurkan, waɗanda suka yi shekaru suna shan 200 kullum sun fi kamuwa da ciwon suga. Baba kuwa da sugansa.

Mafi ɓacin rai shi ne abin da ke biyo baya. Kuɗin maganin hawan jini ya tafi kan kwalabe, a ajiye na asibiti "don kada su yi karo", bayan wata shida a kawo mana dattijo ƙafa ta kumbura takalmi ba ya shiga, numfashi sama-sama. An tafi neman gira an rasa ido. Masu cewa za su wanke ƙoda su ne ke tura mana mutane ɗakin wankin ƙoda, kuma ranar ba za ki ga mai tallar a bakin gado ba. Lambar NAFDAC da ake nuna miki ma, ki karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar: a kan irin waɗannan kaya sau tari za ki ga an rubuta hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Seleniyam ɗin da Baba ke buƙata yana cikin tukunyarku. Ƙwai guda na da kusan 15, ɗan kifi ko tsokar kaza ya cike saura, gwargwadon furotin ɗin da likitansa ya yanka masa. Gyaɗar Burazil kuwa a bar ta, ƙwara ɗaya kan wuce buƙatar yini guda.

A rage gishiri da dunƙule. A raba shi da magungunan kashe zafi diclofenac da ibuprofen na kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Ranar komawa asibiti ki zuba duk abin da yake sha a leda, har wanda yake ɓoyewa ƙarƙashin filo, ki ajiye wa likita a kan tebur.