Idon wa ke kallon kasuwar?

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa ɗaliban da makarantarsu ke kawo mana insha'insu mu buga, in an ce su siffanta kasuwa sai su jero tumatir, albasa, tattasai, su ajiye biro. To, ba su san wanda ya shiga kasuwar ba ne, balle abin da ya kai shi.

Mutumin da ɗansa ya ɓace a Kasuwar Kurmi bai ga kayan ’yan koli ba. Ƙasa-ƙasa yake duba, duk riga mai kalar ta ɗansa sai gabansa ya faɗi. Labarin ne ya zaɓar masa abin gani. Don haka kafin ɗalibi ya rubuta siffa ko ɗaya, ya amsa abu 3 a gefen takarda: idon wa, me yake nema, me zai faru bayan wannan sakin layi. Sannan ya ɗauki abu 2 ko 3 kawai, ɗaya na ido, ɗaya na kunne ko hanci. 

Wani marubuci ya kawo littafi shagon nan, shafi 9 cur yana siffanta falo: kujeru, labule, kafet, har kalar fanka. Wuƙar da aka yi kisa da ita a babin ƙarshe kuwa ba ta ko'ina a falon. Aka nuna masa, ya ce shi ne mai littafi, a buga. Aka yi faranti, wato ƙarfen da ake ɗora rubutu a kai a sa wa injin bugu, aka buga kwafi 1,000. Da masu karatu suka fara tambayar daga ina wuƙar ta faɗo, ya dawo a gyara. Layi 4 ya ƙara, suka ture shafi 16, dole sabon faranti da sabuwar takarda. Ranar biya ya murje ido ya ce laifin maɗaba'a ne. Leƙa bayan shago ka ga tsofaffin kwafin, gara ke ci.

Ku yaran yanzu waya ta hana ku jin tatsuniya. Wace kaka ta taɓa faɗin tsawon Gizo? Tsamin bakinsa kawai za ta kwaikwaya, ka san makirci ya iso.

Ɗauko jan biro. Ga insha'in can kan tebur, duk siffar da ba ka san wanda ya gan ta ba, ja mata layi.