Mamaci ba ya dawowa, amma mahaifiyarka ba ƙarya take yi ba

Assalamu alaikum. Ɗana, ina yi maka ta'aziyya, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta tambayarka. Ka ce tun bayan rasuwarsa mahaifiyarku takan ji gyaran muryarsa a zaure wajen asuba, har ranar nan ta ce ta gan shi zaune bakin gado, kai kuma da ka koma kwana ɗakinsa wani abu ya danne ka ka kasa motsi. Kana so ka san ko fatalwa gaskiya ce. Na ga wasu sun ce maka ku bar gidan, wasu sun ce tsohuwa ce ta fara ruɗewa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Aikin jinya na yi har na ajiye, mafi yawansa a ƙauyukan jihar Maradi kuma da dare, sannan a unguwarmu ina cikin waɗanda ake kira wankan gawa in namiji ya rasu. Da abin da na gani a wuraren nan biyu zan ba ka amsa.

In ana nufin ruhin mamaci ya baro kabarinsa yana yawo cikin gida, wannan babu shi. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya yi aikin ƙwarai, aka ce masa a'a, akwai shamaki tsakani har ranar tashi. Mahaifin Jabir, Abdullahi ɗan Amru, shahidin Uhudu ne, kuma ya zo a hadisin Tirmizi cewa ya roƙi Allah ya dawo da shi duniya a sake kashe shi saboda addini, aka ce masa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. In shahidi bai samu wannan ba, wa zai samu? Larabawan jahiliyya ma suna da irin tamu, suna cewa ran wanda aka kashe yakan zama mujiya yana kuka sai an ɗaukar masa fansa, Annabi (SAW) ya kore wannan a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Har gobe a nan in mujiya ta yi kuka bisa katangar gidan da aka yi rasuwa za ka ga fuskoki sun canza, alhali ita ɓeraye take nema a rumbu.

To amma ka kula, cewa mamaci ba ya dawowa daban, cewa mahaifiyarka ba ta ji kome ba daban. Ta ji. Na saurari irin wannan daga bakin mata masu takaba da yawa, har da mazan da matansu suka rasu, sai dai su maza ba su faɗa sai zama ya yi nisa. Wata ƙarar butarsa take ji lokacin alwala, wata ƙamshin turarensa, wata ta ce tana ɗagowa daga bakin murhu ta ga wucewarsa da hularsa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1971 wani likita mai suna Dewi Rees ya wallafa binciken da ya yi a yankin Wels na Birtaniya, inda ya zauna da mutum 293 da abokan zamansu suka rasu. Kusan rabinsu sun ce sun ji alamar mamacin kusa da su, ko sun gan shi, ko sun ji muryarsa. Abin ya fi samun waɗanda suka daɗe da aure kuma suka zauna lafiya, yawancinsu sun ce yana sanyaya musu rai, kuma da yawa ba su taɓa faɗa wa kowa ba don kada a ce sun taɓu.

Dalilin ba nisa gare shi ba. Kunnen da ya shekara talatin ko arba'in yana jiran gyaran murya ɗaya a lokaci ɗaya ba ya daina jira ranar da aka kai mutum makwancinsa. Ƙofa ta motsa, ko maƙwabci ya yi tari, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran da abin da ta saba. Na ga waɗanda aka yanke wa ƙafa suna kai hannu su sosa ɗan yatsan da babu shi, da hankalinsu ras. Ga kuma takaba, wata huɗu da kwana goma cikin gida ɗaya, kayansa na rataye inda ya bar su, barci kaɗan, abinci kaɗan. Don haka kada ka bari kowa ya kira ta mai taɓin hankali, kada kuma a tsorata ta da cewa mijinta bai huta ba. Wannan maganar ta biyu ta fi ciwo, na ga tsohuwar da ta rame saboda an sa mata ita a rai.

Naka kuwa dannau ne. Lokacin da mutum ke mafarki ƙwaƙwalwa takan kulle gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa, ido buɗe, kana ganin rufin kwano da ƙofa, amma hannu da baki sun ƙi, ƙirji ya yi nauyi, kuma guntun mafarkin bai gama wucewa ba, shi ya sa ake ganin inuwa tsaye ko a ji ana tafiya. Daƙiƙoƙi ne ko ƴan mintoci sai ya saki. A 2011 masu bincike biyu, Sharpless da Barber, sun tattara nazarce-nazarce 35 suka samu cewa kusan mutum 8 cikin 100 ya taɓa samunsu, a cikin ɗalibai kuwa ya kai 28 cikin 100, don su ne ba su barci kan ƙa'ida. Rashin barci, damuwa da kwanciya rigingine su ke jawo shi, kuma kai duk ukun na kanka yanzu. Ka kwanta ta ɓangaren dama kamar yadda sunna ta koyar, ka rage shayin dare. In ya sake zuwa kada ka yi kokawa da shi, ka motsa ɗan yatsa ɗaya ko harshe, ka bi numfashinka a hankali.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar amsa shi ne wannan da zan faɗa yanzu, don shi yana kisa. Wata shekara cikin tsananin hunturu, gab da asuba, aka kawo mana mai jego da ƴaƴanta biyu a amalanke. Duk suna amai, ciwon kai kamar ya tsage, ƙaramin ya yi laushi ko kuka ba ya iyawa. Matar na ta faɗin kishiyarta da ta rasu tana tsayuwa mata bakin ƙofa dare da dare, tana jin kamar ana shaƙe ta. Dangin miji sun riga sun yanke hukunci, an yi hayaƙi, an yi tofi, ana shirin kiran masu girka. Abin da ya tsaya mini shi ne maigidan, wanda ke kwana a zaure, lafiyarsa lau, kuma matar ta ce in gari ya waye ta fito tsakar gida sai ta ji sauƙi. Na tambayi yadda suke kwana. Kaskon gawayi ne a ƙarƙashin gado don gasa mai jego, ƙofa a rufe, ƴar tagar an toshe ta da buhu saboda sanyi. Muka kwantar da su inda iska ke kaɗawa, muka yi abin da ya sawwaƙa, Allah ya sa da sauran kwanansu. Da aka fitar da kaskon aka buɗe taga, ba ta sake ganin kowa bakin ƙofa ba.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu, sai ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take buƙata, mutum ya fara jiri, ruɗewa da gane-gane, in aka daɗe ya wuce cikin barci. Injin wutar da ake tayarwa a zaure ko kusa da taga in an ɗauke lantarki shi ma haka. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka yi ta jin takun ƙafa suna ganin mutane tsaye gaban gadonsu, ashe murhun ɗumama gidan ne ya lalace. Saboda haka duk gidan da aka ce mutum biyu ko uku suna gane-gane a ɗaki ɗaya, kuma suna tashi da ciwon kai, tambayata ta farko ita ce me ke ci da wuta a ɗakin. Ka duba ɗakin mahaifiyarka yau, kada ka bari sai gobe.

Akwai wasu dalilan da zan ambata a gurguje. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, yaro zai nuna maka kusurwa ya ce ga kakarsa nan. Samarin da ke shan tramol da sauran ƙwayoyi, musamman masu kabu-kabu da ke kwana bisa hanya, suna ganin farar mace tsakiyar titi. Tsofaffin da yana ta rufe wa ido kan ga mutane ko dabbobi da babu su alhali hankalinsu ƙalau, abin da wani masani mai suna Charles Bonnet ya fara bayyanawa tun 1760 a kan kakansa. Duhu kuma da tsoro kan mayar da farin zane bisa igiya ya zama mutum.

Sai labarin da kowa ya sani, wane ya rasu a Maradi an gan shi yana kasuwanci a Kano ko Agadas, da aka kira sunansa ya ɓace. Duk wanda ya ba ni irin wannan nakan tambaye shi, kai ka gan shi? Kullum amsar ita ce wani direba ne ya faɗa wa yayansa. Wanda na sani da idona akasin haka ne. Wani saurayi ya tafi ci-rani ta hanyar Arlit, labari ya zo motarsu ta lalace a sahara ba wanda ya tsira, aka yi zaman makoki aka yi sadaka. Bayan shekaru sai ga shi da jakarsa da magariba. Yaran unguwa suka watse, matan gida suka rufe ƙofa, yana tsaye yana sallama ba mai amsawa, sai da limamin unguwa ya zo ya kama hannunsa. Ba wanda ya ga gawarsa tun farko, labari kawai aka binne. Waɗanda muka wanke da hannunmu, muka sa wa likkafani, muka kai, ban taɓa jin ɗayansu ya dawo ba.

Za ka ce to aljanu fa? Akwai su, Alƙur'ani ya faɗa, sura guda ma da sunansu, kuma a Suratul A'araf aya ta 27 an ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu. Hadisin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka, wanda daga nan muka samu falalar Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, ya nuna suna iya zuwa da siffar mutum. Mu da muka tashi a Maradi, garin da bori ya yi ƙarfi, muna jin labarin Doguwa da tsamiyoyin bakin gulbi, da kufan tsohon garin da ambaliyar 1945 ta ci, ba sai an koya mana tsoronsu ba. Damuwata ita ce gaggawar da muke yi mu ɗora musu kome kafin mu taɓa goshin mara lafiya mu ji ko da zafi. Da mai jegon nan ta ƙara dare ɗaya ana mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, da gawa uku za a fitar, kuma da har yau ana cewa kishiya ce ta ɗauke su.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ba za mu bar gidan ba. A riƙa karanta Suratul Baƙara a ciki, kowa ya riƙe addu'o'in kwanciya da Falaƙi da Nasi. A samu ɗiya ko ƙanwa ta riƙa kwana da mahaifiyarka, a kula da cinta da barcinta, in ta kawo zancen mahaifinku a saurare ta a yi masa addu'a tare, kada a ce mata ta yi shiru. In yana da bashi a biya, in akwai hali a yi masa sadaka mai gudana. Wanda ya zo ya ce sai an ba shi baƙin bunsuru da jika kaza zai kore muku mamaci, ku sallame shi da mutunci. In kuwa ka ga ta fara manta sunayenku, ko ba ta gane dare da rana, ko muryar na umartarta da wani abu, ko tana cewa gara ta bi shi, ko zazzaɓi ya shigo ciki, to ranar nan za ka kai ta asibiti, a auna jininta da sukarinta, a duba idonta kuma.