Tambaya da Amsa: Wace Rufaffiyar Tirela Ce Ta Dace da Motar Tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Porsche 911, kuma nakan so in kai ta Kano daga Abuja ba tare da na hau da ita wannan doguwar hanya ba, saboda ramuka da ƙurar hunturu. Ina da Land Cruiser da zan ja tirela da ita. Me ya kamata in duba kafin in sayi rufaffiyar tirela? Daga wani mai karatu, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kalli fenti ko kyan jikin tirela, ka fara da lissafin nauyi, domin a nan ne yawancin masu saye suke yin kuskuren da ke jawo haɗari. Motarka tana kusan kilo 1,500, ita kuma rufaffiyar tirela ta ƙarfe mai tsawon mita 6 takan kai kusan haka tana fanko, ka ga an doshi kilo 3,000 ke nan tun ba a saka tayar safaya da kayan aiki ba. In Land Cruiser ɗinka ƙirar 200 ce, an ƙayyade mata jan kilo 3,500 idan tirelar tana da birkin kanta, saboda haka ratar da ta rage maka kaɗan ce. Wannan ne ya sa nake fifita tirelar alminiyam, irin wadda kamfanin Featherlite na Amurka yake ƙerawa, duk da tsadarta, domin ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta yin tsatsa. Kada ka amince da wadda ba ta da taya huɗu, biyu a kowane gefe, da birki a kan dukkansu.

Sai batun hawa, wanda shi ne ya fi shafar irin motarka. Cikinta yana kusa da ƙasa ƙwarai, kuma idan ƙofar baya da ake saukewa a hau ta yi tsaye da yawa, bambar gaba za ta gurje tun a ranar farko. Ka nemi tirelar da ƙarshen daɓenta ya ɗan gangara, mai ƙarin tsawon matakala, sannan ka sa a ɗaura winci domin a ja motar a hankali maimakon a tuƙa ta ciki. Haka kuma ka dage a kan ƙofar gefe ta ɓangaren direba, ka auna da kanka ka tabbatar ƙofar motar za ta buɗu ta saman rufin tayar tirelar, in ba haka ba ta taga za ka riƙa fitowa.

Akwai wani abu game da 911 da ya kamata ka riƙe: injinta a baya yake, don haka mafi yawan nauyinta yana baya. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimillar nauyin ya sauka a kan ƙugiyar motar da ke ja, kuma idan ya gaza haka tirelar za ta fara lilo da zarar ka ƙara gudu. Ka matsar da motar gaba sosai, ko ka shigar da ita da baya, har nauyin ya daidaita. Ka ɗaure ta wuri huɗu da bel ɗin da ke rungumar taya, ka tsaya bayan ɗan gajeren tafiya ka sake ɗame su, domin sukan saki a farkon hanya.