Keken da ake tuƙawa kamar kwale-kwale: gudunsa da birkinsa

Tambaya: Malam, na ga wani Bature a bakin tekun Jidda a kan wani dogon keke maras feda, yana jan kan keken zuwa ƙirjinsa yana miƙe ƙafafu kamar mai tuƙa kwale-kwale. Shin yana gudu kamar keken da muka sani? Kuma yaya yake taka birki alhali hannuwansa suna kai da komo? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Malam, abin da ka gani ba sabo ba ne. Derk Thijs na ƙasar Holan ya daɗe yana ƙera irinsa, Scott Olson na Amurka, wanda aka sani da takalma masu taya na Rollerblade, shi ma ya fito da nasa mai suna Rowbike. A na Holan kujera a kafe take, matakin ƙafa ne yake zamewa gaba da baya, a na Amurka kuwa kujerar ce take zamewa.

Batun gudu ba shi da wuya. Ƙafafu da baya da hannuwa duka suna aiki, amma wannan bai ninka gudun ba, domin zuciya da huhu ne suke yanke wa mutum iyaka. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta gwani zai jera da mai keken tsere, musamman da yake a kishingiɗe yake, iska ba ta dukan ƙirjinsa sosai. A hawan tudu ne yake shan wahala, saboda ƙarfin yana zuwa ne ja bayan ja, tsakanin ja biyu kuma keken yana rage gudu.

Birki ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hannun birkin yana jikin sandar da ake ja, wato hannun da yake ja shi ne yake karkata keken, shi ne kuma yake matse birki, kuma ƙafa ba ta da ikon riƙe taya. Wanda yaro ya gifta masa a daidai lokacin da ya kwanta baya da sanda a ƙirji, dole ne yatsunsa su riga tunaninsa isa ga birkin. Lissafin kuma ba ya sassauci: idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa tana ninka huɗu. Birkin da zai tsayar da kai cikin mita 3 a gudun kilomita 20 a awa, sai ya ci wajen mita 12 a gudun kilomita 40, ban da mita 11 da keken zai shafe a cikin daƙiƙa ɗaya kafin ka matse.

Akwai sauƙi guda, shi ne nauyin mahayi yana ƙasa-ƙasa, don haka da wuya birkin gaba ya wuntsila shi ta kan keken. Abin tsoro a nan ƙasar Saudiyya shi ne siririn yashin da iska take shimfiɗawa a kan kwalta, wanda yake sa taya ta sulale. Doguwar gangara ma, irin ta Al-Hada daga Ɗa'ifa zuwa Makka, tana gasa rim idan aka riƙe birki ba saki, har robar birkin ta daina kamawa ko tayar ta fashe. A ganina, duk mai niyyar saye ya nemi mai birkin faifai, wato wanda yake kama faifan ƙarfe a tsakiyar taya maimakon rim, ya kuma fara koyon tsayawa a fili babu motoci kafin ya hau titi.