Amsoshin Tambayoyinku: Na'urori Biyu a Sito Ɗaya

Wani Alhaji mai sarin atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Sakkwato ya ce ya kafa na'urorin RFID biyu, masu karanta alamar da ake liƙa wa kaya ta hanyar rediyo, a sitonsa, ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a ta fita. Idan ɗaya ce a kunne, ƙirga na tafiya daidai. Da an kunna biyun sai dila ta wuce ba a ƙirga ta ba, har ya fara zargin yaransa.

Alhaji, kwantar da hankalinka, kada ka kori kowa tukuna. 'Yar alamar da ake liƙa wa kaya ba ta da batir. Da ƙarfin da na'ura ta aiko mata take amsawa, muryarta kuwa siririya ce, kamar mai raɗa tsakanin masu shela biyu. Fara da rage wa kowace na'ura ƙarfi ya tsaya iya ƙofarta, a kuma juya eriyoyin kada su fuskanci juna. Mai haɗa maka ya ware wa kowacce tasharta, ya kunna tsarin da ake kira Dense Reader Mode, mai rage cin karon na'urorin da ke kusa da juna. In abin ya ƙi, a sa su aiki bi da bi. Da ka tambaye ni kafin saye, da na ce na'ura ɗaya mai mazaunin eriya huɗu ta ishi ƙofofin biyu.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna. Duba bayan na'urarka ka ga zangon rediyon da take aiki a kai. Na'urorin kasuwar Amurka suna aiki tsakanin megahaz 902 da 928, na Turai kuwa 865 zuwa 868. Najeriya yanki ɗaya take da Turai a rabon zangon rediyo na duniya, kuma wayoyin GSM namu suna magana da dogon ƙarfen sabis tsakanin 890 da 915. Kun ga na'urar Amurka da wayoyinmu sun shiga gonar juna. Amma kullum sai mutum ya ga na'ura a intanet da araha ya tura kuɗi, bai tambayi zangonta ba, bai nemi shaidar amincewar hukumar sadarwa ta NCC ba. Wata ko suna babu a jikinta, cajarta ta bogi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano. Wata biyu ta fara ɗauke wuta, mai sayarwa ya daina ɗaga waya. Kada ku biya sai an gwada a sitonku, da kayanku, duk na'urorin a kunne. Wanda ya ƙi a gwada, ku riƙe kuɗinku.

Wata Hajiya mai makaranta a Arkilla tana fargabar na'urorin katin ɗalibai biyu da za ta jera a bakin get. Hajiya, babu damuwa. Irin waɗannan katuna na megahaz 13.56 ko kilohaz 125 sai an kawo su dab da na'ura ake karanta su. A bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakani, kada kuma a ɗaure su kai tsaye a jikin ƙarfen get.

Wani saurayi kuma yana tambaya ko ya ƙure ƙarfin na'urorin duka domin su “rinjayi” juna. Haba ɗana! Haka za ka wayi gari kana ƙirga kayan sito na maƙwabcinka. Rage.