Amsa ga mai tambayar draf: ba zama na takwas ne ya kayar da kai ba

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ku takwas ne kuke draf ɗin Fantasy Premier League (wasan nan da kowa ke zaɓar 'yan ƙwallon Firimiya bi da bi, wanda aka ɗauka ya fita, ana tara maki da abin da suka yi a fili), bara ƙuri'a ta jefa ka na ƙarshe, kafin layi ya zo kanka an kwashe manyan, ka ƙare kaka a gindin tebur ana ta yi maka shaƙiyanci a guruf, yanzu kana neman yadda za ka shirya bana. Wallahi ciwon nan na san shi, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba. Amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ba lamba takwas ce ta kayar da kai ba.

Duba lissafin. Layin yana tafiya ne ya dawo, don haka na takwas shi ke da zaɓi na 8 da na 9 a jere, sai na 24 da na 25, sai na 40 da na 41. Wanda ya fara kuwa, bayan ya ɗauki mutum ɗaya sai ya naɗe hannu har zaɓi na 16. Kai kana da biyu cikin tara na farko, shi yana da ɗaya. Matsalar mai zama a bakin layi ita ce mutum 14 ke fita tsakanin zaɓinsa da na gaba, saboda haka kada ka ce "bari in bar wane sai zagaye mai zuwa". Ba za ka same shi ba.

Abin da ke ƙarewa da wuri 'yan gaba ne. Kowa sai ya cike gurbi uku, ku takwas 24 ke nan, alhali ƙungiyoyi 20 ne kuma yawancinsu ɗan gaba ɗaya suke sawa. In ka kai zagaye na biyar ba ka da 'yan gaba biyu masu fara wasa, sai dai ka kwashi masu ɗumama benci. Gola kuwa bar shi sai can ƙarshe, 16 kawai za a ɗauka cikin 20 masu kamawa, ba yadda za a yi ka rasa. Duk wanda ka ga ya ɗauki gola a zagaye na huɗu, yi masa addu'a. A 'yan tsakiya nemi waɗanda sunan tsakiya kawai suke amsawa amma a gaba suke wasa, masu buga fenareti da kwana. Ƙwallon ɗan tsakiya maki 5 ce, ta ɗan gaba 4, ga maki 1 in ba a ci ƙungiyarsa ba. Haka Salah, da wasan ya sa a 'yan tsakiya, ya tara maki 344 a kakar 2024/25 da ƙwallo 29 da taimako 18. Kuma ka tuna draf ba kamar Fantasy ɗin da aka saba ba ne, nan babu kyaftin, babu farashi, babu dokar mutum uku daga ƙungiya ɗaya. Ka ajiye son kulob a gida. Ɗan Arsenal da ya rantse ba zai taɓa ɗan Tottenham ba, kansa ya cuta.

Ranar draf ɗin ma ku duba ta. A 2023 an fara kaka ranar 11 ga Agusta, washegari Bayern Munich ta sanar da ɗaukar Harry Kane. Duk wanda ya ƙona zaɓinsa na farko a kansa sai ya wayi gari da gurbi babu kowa, ba kuma wanda zai biya shi. Ku matsa da draf kusa da wasan farko iya yadda za ku iya, kuma duk wanda ake ta raɗe-raɗin zai bar Ingila, kada ka taɓa shi a zagaye ukun farko.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona min rai a harkar nan, kuma ina zargin shi ne ya same ku ba ku lura ba: musaya, wato mutum biyu su yi canjin 'yan wasa a tsakaninsu. In admin ya bar ta a buɗe, ga yadda abin ke faruwa. Wajen watan Fabrairu wani ya ga ba zai kai ko'ina ba, ya daina ma buɗe manhajar. Sai amininsa da ke na biyu ya bi shi ta bayan fage, ba a guruf ba: "Mutumina, tunda ka haƙura, ba ni ɗan gabanka in ba ka wane." Wanen nan kuma ɗan baya ne da ke jinya tun Disamba. Ranar Asabar a buɗe a ga mutum ɗaya da manyan 'yan gaba uku. A yi magana ya ce ai doka ba ta hana ba, ai yarda aka yi. Wace irin yarda? Mutum ya yi wata shida yana bibiyar labarin rauni, yana ƙona data a kan taron manema labaran koci-koci, a zo a kwashe wahalarsa da kiran waya na minti biyu. Abin haushin ma, wanda ya bayar ɗin shi zai fi kowa dariya, yana cewa wasa ne fa, me ya yi zafi. In wasa ne me ya sa ba a yi cinikin a gaban kowa ba? Wani ma wayar ƙaninsa zai karɓa ya aika wa kansa tayi ya amsa da hannunsa. Daga nan sai gaba, sai a fara fita daga guruf ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya. Kaka mai zuwa a nemi mutum takwas a rasa.

Maganinsa tun kafin draf ne, ba bayan an yi ɓarna ba. Admin yana da zaɓi huɗu: a hana musaya gaba ɗaya, a bar ta a buɗe, sai da amincewar admin, ko a ba sauran manajoji damar ƙin amincewa. Ku ɗauki na ƙarshen. Kada ku bar wa admin shi kaɗai, shi ma ɗan takara ne, ba a ba kura ajiyar nama. Ku rubuta a guruf kowa ya ce ya yarda: duk musaya sai an sanar, kuma wanda ya yi mako uku bai taɓa tawagarsa ba, ba a ciniki da shi. In kuna sa kuɗi, shawarata ku cire. Ban da maganar caca da malamai suka yi bayani a kai, kuɗin ne ke mayar da raha ta koma rigima. Na ƙarshe ya sayi tsire a ci tare, ya wadatar.

Na ɗan kauce, yi haƙuri. Inda ake cin lig da gaske shi ne weba (waiver), wato ka sa buƙatar ɗan wasan da ba ya hannun kowa, ka saki naka ɗaya a madadinsa. 'Yan wasa 120 kawai kuka ɗauka, sauran ɗaruruwa suna nan zube. Cole Palmer ya koma Chelsea daga Manchester City ranar 1 ga Satumba 2023, bayan kowa ya gama draf, lokacin ba wanda ya damu da shi, ya ƙare kakar da ƙwallo 22. Irinsu ba sa ƙarewa. Kuma weba mai bin na ƙasa ce: wanda ke gindin tebur shi ke fara zaɓa. Wato bara kusan kowane mako kai ne a gaban layi. Me ka yi da damar? Ana tantance buƙatu awa 24 kafin a rufe mako, wato lokacin da ake daina taɓa tawaga. Kada ka sa buƙata ɗaya tak. Sa uku ko huɗu a jere, duk da sunan mutum ɗaya da kake son saki, in an riga ka na farko sai a duba na biyu. Da zarar ɗaya ta shiga za a mayar da kai ƙarshen layi, don haka wanda ka fi so shi ne a sama. Bayan an gama tantancewa sai a buɗe kasuwa, wanda ya riga ya ɗauka, har lokacin rufewa. Amma wanda ka saki yana kulle sai weba ta gaba, ba za ka yi nadama ka dawo da shi nan take ba. Kada ka saki babban ɗan wasa don raunin mako biyu, benci na da gurbi.

Shekarar da ake gasar cin kofin Afirka kuma ka ƙirga 'yan Afirkan da ke hannunka, wata guda za su iya yi ba sa nan. Biyu sun isa.

Daren draf ɗin kansa, ku sa shi bayan Isha, kowa ya cika caji, ya tanadi layin waya na biyu. In ka ga ana ba da daƙiƙa 30 ka roƙi admin ya mayar 90, netwok ɗinmu ba abin yarda ba ne. Kafin ranar ka cika jerin nan da manhajar ke kira Watchlist da mutum 40 zuwa 50, a jere yadda kake son su, domin in layinka ya yanke daga nan za a zaɓar maka. In ka bar shi fayau, kwamfuta za ta bi nata jerin, ba ruwanta da wanda ke jinya. Ka kuma riƙe takarda da biro kana soke duk wanda aka ɗauka, gurbi-gurbi, don ka ga inda kaya ke ƙarewa.

Sai agogo. Ana rufe mako minti 90 kafin wasan farko. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gaban Ingila da awa ɗaya, sauran watanni lokacinmu ɗaya, to kada ka haddace lokaci guda ka zauna a kansa. Makon da akwai wasan daren Juma'a kuma, weba tun yammacin Alhamis take rufewa. Sa ƙararrawa a waya ranar Laraba da dare.